Bikin Edinbara: yadda 'yan gayyar soɗi suka fi masu biki yawa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kowace shekara idan Agusta ya kama sai in riƙa ganin hotunan birnin Edinbara na ƙasar Sikotland, titi ya cika maƙil da makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo. Wani wuri a ce bikin ƙasa-da-ƙasa na Edinbara, wani wuri a ce Fringe, wani wuri kuma a nuno sojoji suna fareti a gaban wata tsohuwar fada. Shin duk abu ɗaya ne? Wa ya fara shi, yaushe, kuma me ya sa aka zaɓi wannan birnin?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ba abu ɗaya ba ne, kuma ba kai kaɗai abin ke rikitawa ba. Mutane da yawa sukan je birnin su yi mako guda su koma gida ba su san wane biki suka halarta ba. Abin da ke faruwa a Edinbara cikin Agusta bukukuwa ne daban-daban da suka taru a wata ɗaya, kowanne da ofishinsa da shugabansa da asusunsa: akwai na littattafai, akwai na fina-finai, akwai na zane-zane, ga kuma faretin sojan da ka gani. Amma biyu ne ƙashin bayan labarin. Na farko shi ne bikin ƙasa-da-ƙasa, wanda darakta guda yake zaɓar waɗanda za su hau dandali, ya aika musu goron gayyata, ya biya su. Na biyu shi ne Fringe, inda babu mai gayyatar kowa, babu kuma mai hana kowa. A shekara ɗaya aka haife su, 1947, kuma tun daga lokacin suke zaman kishiyoyi a gida ɗaya.

Mu fara da uwargida, wato bikin ƙasa-da-ƙasa. Mutumin da tunanin ya fito daga kansa ba ɗan Sikotland ba ne ma. Sunansa Rudolf Bing, Bayahude haifaffen Viyana a 1902, wanda ya yi aikin gudanarwa a gidajen opera na Jamus. Opera ita ce wasan kwaikwayon nan na Turawa da ake rera shi cikin waƙa daga farko har ƙarshe, babbar ƙungiyar makaɗa na biye da mawaƙan. Da 'yan Nazi suka karɓi mulki sai zama ya gagare shi, ya tsallaka Ingila a 1934, ya kama aiki a Glyndebourne, wani ƙaramin gidan opera da wani attajiri mai suna John Christie ya gina a harabar gidansa na ƙauye a yankin Sussex. Yaƙin Duniya na Biyu ya rufe wurin, har ta kai Bing ya koma aiki a wani babban kanti a Landan don ya ciyar da kansa.

A nan zan ɗan saɓa wa yadda aka saba ba da labarin. Duk takardar talla da ka ɗauka za ta gaya maka an kafa bikin ne domin warkar da raunin da yaƙi ya yi wa Turai, a haɗa zukatan mutane ta hanyar kiɗa. Gaskiya ne, kuma waɗanda suka faɗa da gaske suke. Sai dai Bing yana da wata damuwa ta aljihu. Opera tana cin kuɗi kamar wuta a ɗanyen auduga, aljihun mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar Glyndebourne bayan yaƙi ba, don haka yana neman birnin da zai ɗauki nauyin babban biki, tawagarsa ta samu aikin yi a ciki. A lissafinsa kuma manyan bukukuwan kiɗa na Turai, irin na Salzburg a Ostiriya da Bayreuth a Jamus, za su daɗe ba su farfaɗo ba, ga kasuwa a buɗe. Kyakkyawar niyya da neman na sakawa a bakin salati sun tafi tare, kuma ni ban ga aibu a cikin haka ba.

Oxford ya fara hange, abin bai yiwu ba. A ƙarshen 1944, yaƙi bai ma ƙare ba, ya ci abincin rana a Landan tare da Henry Harvey Wood, wakilin British Council, hukumar yaɗa al'adun Birtaniya, a Sikotland, shi ne ya ce masa ya duba Edinbara. Dalilan a fili suke ga duk wanda ya taɓa taka birnin. Bama-baman Jamus ba su yi masa ɓarna sosai ba. Yana da tsohuwar fada a kan wani ƙaton dutse a tsakiyar gari, abin da ke tuna wa mutum Salzburg. Yana da zauren kiɗa babba, Usher Hall, da aka buɗe a 1914, ga gidajen wasa irin su King's da Lyceum, kuma duk da ƙafa ake zagaya su. Magajin garin lokacin, Sir John Falconer, ya rungumi maganar ya tsaya mata a majalisar birni. Kuɗin farko kuwa daga filin sukuwa suka fito: Lord Rosebery ya ba da fam 10,000 daga abin da dokinsa Ocean Swell ya ciyo, dokin da ya lashe babbar sukuwar Derby ta 1944. Matar Rosebery tana cikin waɗanda suka fi kowa tsayawa kan lamarin.

Ka san irin garin da ake maganar shirya wa wannan shagali. Edinbara ta wancan zamani gari ne na masu tsananin riƙo da cocin Sikotland, ranar Lahadi kusan komai a rufe, mutanensa ba su saba da raye-raye da kashe kuɗi kan nishaɗi ba. Abinci da tufafi da mai duk da kati ake rabawa. Hunturun farkon 1947 yana cikin mafiya muni da Birtaniya ta gani a ƙarnin, kwal ya yi ƙaranci har masana'antu suka tsaya. Ɗakunan otal ba su isa ba, sai aka roƙi mutanen gari su buɗe gidajensu ga baƙi, suka kuwa buɗe. Akwai wani ɗan labari da nake so ƙwarai. Masu shiri sun so a haska fadar kan dutse da fitilu da daddare, Ministan Makamashi Emanuel Shinwell ya ce atafau ba za a ƙona kwal kan ado ba. Mutanen gari suka yi ta aiko da saƙo cewa a ɗauki rabonsu na kwal a haska fadar. Dole minista ya sassauta, ya ba da dare huɗu. Mutanen da suka shekara shida suna toshe tagoginsu don kada jiragen abokan gaba su hango haske, su ne suka fito titi suna kallon fadarsu tana walƙiya.

An buɗe bikin a ƙarshen Agusta 1947, aka yi mako uku. Tawagar Glyndebourne ta kawo opera biyu, ɗaya ta Mozart ɗaya ta Verdi. 'Yan wasan Old Vic sun zo daga Landan, tawagar Louis Jouvet ta zo daga Paris. Amma abin da ya kafa sunan bikin shi ne haɗuwar Bruno Walter da ƙungiyar makaɗan Viyana. Walter jagoran makaɗa ne na gaban goshi a duniya, Bayahude ne, an kore shi daga Jamus a 1933, ya koma Viyana, aka sake tayar da shi a 1938 lokacin da Hitler ya haɗiye Ostiriya. Ita kuwa ƙungiyar, a zamanin yaƙi kusan rabin makaɗanta sun yanki katin jam'iyyar Nazi, an fatattaki Yahudawan cikinta, wasu daga cikinsu sun mutu a sansanoni. Shekara biyu kacal da ajiye bindiga, sai ga mutumin da aka kora tsaye a gabansu da sandarsa a Usher Hall, suna kaɗa kiɗan Gustav Mahler, ubangidansa, wanda 'yan Nazi suka haramta saboda asalinsa. Mawaƙiyar da ta rera tare da su, Kathleen Ferrier, 'yar Ingila ce da ta fara rayuwa a matsayin ma'aikaciyar haɗa wayar tarho, kuma kafin ta kai ƙarshen waƙar kuka ya ci ƙarfinta. Duk lokacin da masu bikin suka yi maganar sulhu, wannan daren suke nufi, kuma sun cancanci yin alfahari da shi.

To ga inda amarya ta shigo, ba da ɗaurin aure ba. Ka duba jerin da na lissafa: Landan, Paris, Viyana. Ina 'yan wasan Sikotland, masu ƙasa? Babu wasan kwaikwayonsu a cikin tsarin. An yi biki a gidan mutum an bar shi yana leƙe ta taga. Sai ƙungiyoyin wasa takwas suka zo haka nan, babu wanda ya kira su, shida daga Sikotland biyu daga Ingila. Ba su haɗa baki ba, ba su da suna, ba su da ofishin sayar da tikiti. Kowa ya nemi ɗan wurin da manya suka raina ya kafa dandalinsa. Glasgow Unity, ƙungiyar da ta fito daga cikin ma'aikata kuma ba ta ɓoye ra'ayinta na gurguzu, tana ciki. Akwai masu wasan 'yar tsana. Akwai waɗanda ba su ma samu wuri a cikin gari ba, sai a tsohuwar majami'ar Dunfermline, can tsallaken ruwan Forth. Lissafinsu mai sauƙi ne: tunda an tara dubban baƙi masu son kallo, ba za a rasa mai rarar shilin biyu da awa ɗaya ba.

Sunan ya zo ne bayan shekara guda. A 1948 wani marubucin wasanni kuma ɗan jarida, Robert Kemp, ya rubuta a wata jaridar yamma ta birnin cewa abubuwa suna ta ƙaruwa a gezar bikin. Kalmar Fringe ke nan, ma'anarta geza, irin zaren nan da ke reto a bakin mayafi ko darduma. Ba yabo ba ne a asali, kwatance ne na abin da ke gefe.

Masu biki sun ji zafin sukar da aka yi musu. A 1948 suka ɗauko wani tsohon wasan Sikotland na ƙarni na 16 wanda Sir David Lyndsay ya rubuta yana caccakar sarakuna da malaman coci, shi dai Kemp ɗin ya gyara shi, aka damƙa wa darakta Tyrone Guthrie. Guthrie ya zagaya gari neman wuri, ya ƙare a zauren da cocin Sikotland ke taronta na shekara. Wurin ba gidan wasa ba ne, don haka sai ya miƙo dandali cikin jama'a, 'yan kallo suka kewaye shi ta gefe uku. Abin ya yi armashi har ya sauya masa tunani gaba ɗaya, kuma da wannan fasali ya je ya kafa dandalin Stratford a Kanada a 1953, daga nan wasu gidajen wasa da dama a Amurka da Ingila suka kwaikwaya. Na daɗe ina ganin wannan shi ne babban abin da bikin ya bai wa sana'ar wasan kwaikwayo, kuma rashin wuri ne ya haifar da shi.

Bing bai daɗe ba. Bayan biki na uku ya tafi Niyok, ya shugabanci Metropolitan Opera daga 1950 har 1972. A shekarun nan ne sauran bukukuwan suka fara tsirowa. Na fina-finai tun 1947 yake, ya fara da fina-finan labarin gaskiya. Faretin soja, wanda suke kira Tattoo, ya samu siffarsa a 1950 a filin gaban fada, da ganguna da algaitar nan tasu mai salka. Na kiɗan jaz ya zo a 1978, na littattafai a 1983.

Akwai wani da aka manta wanda bai kamata a manta ba. Daga 1951 zuwa 1954 ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan ra'ayin gurguzu sun shirya nasu, suka kira shi bikin jama'a, da tikiti mai araha don talakan gari. A daren kiɗan gargajiya na 1951 mawaƙi kuma mai tattara waƙoƙin baka Hamish Henderson ya kawo mawaƙan ƙauye da na tsibirai, masu waƙa da harshen Gelik da karin harshen Sikotland, waɗanda 'yan birni ba su taɓa jin irinsu a dandali ba. Ba'amurke Alan Lomax ya naɗi muryoyinsu. Masana da yawa daga wannan daren suke ƙirga farfaɗowar waƙar gargajiya a Sikotland. Siyasar yaƙin cacar baka ce ta kashe bikin: manyan ƙwadago suka ce 'yan kwaminis ne ke juya shi, suka janye hannu.

Fringe kuwa ya shekara goma sha ɗaya babu uwa babu uba. Sai a 1958 masu zuwa suka kafa ƙungiya don buga jadawali ɗaya da buɗe wurin sayar da tikiti ɗaya, kuma suka rubuta wata ƙa'ida da har yau ba a taɓa ba: ƙungiyar ba za ta tace wasan kowa ba. Wanda duk ya samu wurin da zai yi wasansa, ya biya kuɗin rajista, sunansa ya shiga littafi. Ba a tambayarsa ko ya iya. Idan ka fahimci wannan ƙa'idar ka fahimci duk abin da ya biyo baya, mai daɗi da marar daɗi.

Uwargida ba ta zauna ta zuba ido ba. Ta kan kawo taurarin da babu mai iya kawowa sai ita, kuma taurari sukan zo da rigimarsu: a 1957 mawaƙiyar opera Maria Callas ta yi wasa huɗu, ta ce na biyar ba ya cikin alkawarinta, ta tattara ta tafi, wata matashiya Renata Scotto ta maye gurbinta ta wayi gari sananniya. A 1960 daraktan lokacin, Robert Ponsonby, ya gaji da yadda 'yan gefe ke kwashe mutane da wasannin dariya na tsakar dare, sai ya sa aka haɗo samari huɗu da suka fito daga Oxford da Cambridge, Peter Cook da Dudley Moore da Alan Bennett da Jonathan Miller, don su doke su a wasansu. Aka sa wa shirin suna Beyond the Fringe, wato wanda ya wuce Fringe. Shirin ya yi tashe har Landan da Niyok, ya buɗe ƙofar yi wa shugabanni ba'a a dandalin Birtaniya. Sai dai duniya ta ji kalmar Fringe a cikin sunan ta ɗauka na 'yan gefe ne. Makamin da aka ƙera don a karya su shi ya zama tallarsu mafi girma.

Shekarun 1960 na hayaniya ne. Lord Harewood, ɗan'uwan Sarauniya, shi ne darakta, ya kawo mai tsara kiɗa Shostakovich daga Tarayyar Sobiyet a 1962. A 1963, wajen wani taron marubuta wasanni a zauren McEwan na jami'a, aka turo wata mata tsirara a kan keken ɗaukar kaya aka ratsa da ita ta saman bene na 'yan daƙiƙu, wai fasaha. Malaman coci da kansiloli suka yi caa, aka kai matar kotu, kotu ta sallame ta, amma an daɗe ana amfani da lamarin wajen neman a rage wa bikin kuɗi. A shekarar ce aka buɗe ƙaramin gidan wasa na Traverse a wani lungu na tsohon gari, mai kujeru kamar sittin, wanda ya ba sababbin marubuta gida duk shekara. A 1966 ɗaliban Oxford suka nuna wasan wani saurayi da ba a sani ba, Tom Stoppard. Wani mai sharhi na jaridar Observer ya gani ya yaba, shekara na zagayowa wasan yana babban gidan wasa na ƙasa a Landan. Tun daga nan mafarkin ya kafu: ka zo Edinbara ba kowa ba, ka koma da suna. Yana faruwa kuwa, lokaci zuwa lokaci. Amma a kan kowane mutum ɗaya da ya dace akwai ɗaruruwa da suka koma da bashi.

Ƙungiyoyin da suka zo a 1959 ba su kai ashirin ba. Zuwa 1981 sun kusa ɗari biyar. Shekarar 1981 ɗin ita ce mararraba, saboda abu biyu. Na ɗaya, an ƙirƙiro kyautar barkwanci ta Perrier, wadda ɗaliban Cambridge suka fara ci, cikinsu akwai Stephen Fry da Hugh Laurie da Emma Thompson. Na biyu, William Burdett-Coutts ya karɓi hayar ginin Assembly Rooms ya yanka shi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki ana wasa bayan wasa tun safe har tsakar dare. Pleasance ta bi sahu a 1985, Gilded Balloon a 1986, Underbelly a 2000. Ɗan barkwanci ba ya bukatar kayan dandali ko tawaga, makirufo ɗaya da fitila ɗaya sun ishe shi, don haka ya fi kowa dacewa da wannan tsari na awa-awa. Zuwa 2008 barkwanci ya zarce wasan kwaikwayo yawa a littafin jadawali.

Ka lura da abin da ya faru a nan, don shi ne zuciyar maganata. Ƙungiyar Fringe ba ta tace kowa, haka ne. Amma waɗannan manyan masu wurare suna zaɓar wanda za su ba ɗaki, da kuma ƙarfe nawa. Mai wasa shi ke ɗaukar kasada: ya biya rajista, ya yi wa mai wuri alkawarin wani adadi ko an sayi tikiti ko ba a saya ba, ya buga takardun talla, ya biya kuɗin mota, sannan uwa uba ya nemi wurin kwana na wata guda a garin da haya ke ninkawa da zarar Agusta ya ƙarato. Ƙofar da aka ce a buɗe take ta samu maigadi, kuma kuɗin haya ne maigadin. Ɗan masu hali yana iya jure asarar wata guda sau uku har a gano shi. Ɗan talaka sau ɗaya yake gwadawa.

Na ga wannan da idona a zuwana na farko. Idan ka biyo Royal Mile, titin da ya gangaro daga fada, ba za ka yi taku goma ba sai an cusa maka takardar talla a hannu, kuma sau da yawa fuskar da ke jikin takardar ita ce ta mai miƙo maka. Ana yayyafi, don zafin Agustan Sikotland suna ne kawai, wata yarinya sanye da kayan wasa ta biyo ni tana ba ni labarin wasanta cikin numfashi ɗaya, har kunya ta sa na ce zan zo. Na je. Wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne a gindin wata gada, bango na tsatsar ruwa, kujerun roba kamar arba'in. Mu shida ne 'yan kallo. Ta yi wasanta na awa guda kamar tana gaban mutum dubu, tana gamawa ta ruga bakin ƙofa ta tsaya da bokiti, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, domin masu wasa na gaba sun riga sun tsaya a matakala da akwatunansu. Wannan tsarin bokiti Peter Buckley Hill ne ya faro shi a 1996: mai mashaya ya ba da ɗaki kyauta don a sayi abin sha, mai wasa ba ya biyan haya, ɗan kallo ba ya sayen tikiti. Wato 'yan gefe sun girma har sun samu nasu 'yan gefen.

A 2019, shekarar da abin ya kai ƙololuwa kafin annoba, an nuna wasanni 3,841 a wurare 323, an kuma fitar da tikiti fiye da miliyan 3, a birnin da mazaunansa ba su wuce rabin miliyan da kaɗan ba. Ɗan hakin da aka raina a 1947 ya zama taron fasaha mafi girma a duniya.

Kada wannan ya sa ka raina uwargida, kamar yadda wasu matasa ke yi suna cewa bikin tsofaffi da masu kuɗi ne. Akwai abin da bokiti ba zai taɓa biya ba. Ƙungiyar makaɗa mai mutum ɗari, ko opera da mawaƙanta da kayanta, ko tawagar rawa daga wata nahiya, sai an sami mai zaɓe da mai tallafi. Ita ma ta sha wuyarta. Ta shekara da shekaru tana roƙon majalisar birni kuɗi, John Drummond ya bar kujerar darakta a 1983 cikin takaicin wannan roƙon. An yi alkawarin gina mata gidan opera, aka rushe gini aka haƙa rami a kusa da fada, ramin ya zauna shekaru yana zama abin dariyar gari, sai a 1994 aka gyara wani tsohon gidan wasa ya zama Festival Theatre. A 1999 ta samu hedikwata a wata tsohuwar coci mai dogon hasumiya kusa da fada. A 1998 Fringe ya koma farawa mako guda kafin uwargida, aka raba gari, sai a 2015 aka koma farawa tare. Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne, ƙorafin da ya haifi Fringe, cewa an manta da 'yan ƙasa, bai samu cikakkiyar amsa a saman bene ba sai bayan shekara 75. Nicola Benedetti, gwanar gogen Turawa, wadda ta karɓi ragama a ƙarshen 2022, ita ce 'yar Sikotland ta farko kuma mace ta farko da ta zama darakta.

Shekarun baya-bayan nan sun yi tsauri. A 2020 annobar korona ta sa an soke bukukuwan, karon farko tun 1947. A 2021 an yi kiɗa a cikin manyan rumfuna a fili don iska ta ratsa. A 2022, ana tsakiyar murnar dawowa, ma'aikatan kwashe shara suka shiga yajin aiki, bola ta taru a tituna baƙi suna tsallakewa, kuma kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar da ke riƙe da bikin fina-finai ta durƙushe, sai da aka sake gina shi daga tushe. Su ma mutanen gari, jikokin waɗanda suka ba da kwal ɗinsu, haƙurinsu ya soma ƙarewa. Suna kukan cewa masu gidaje sun fi son ba baƙo haya na dare-dare a kan ba ɗan gari na shekara, kuma ana killace musu lambunan jama'a don shagalin da sai da tikiti. Gwamnatin Sikotland ta wajabta lasisi ga masu irin wannan haya daga Oktoba 2023, majalisar birni kuma ta amince da harajin kashi 5 cikin ɗari kan kuɗin kwanan baƙi. Dokar ta ɗan sanyaya ran 'yan gari, ta kuma ƙara wa masu wasa wahalar samun makwanci, don haka rigimar ba ta ƙare ba.

Game da hotunan da ka gani: titin da ya cika da masu fenti a fuska da masu tafiya kan igiya, Fringe ne. Bikin ƙasa-da-ƙasa ba ka cika ganinsa a titi ba, yana cikin Usher Hall da gidajen wasa, sai ka sayi tikiti ka shiga ka zauna. Sojojin kuwa Tattoo ne, mai cin gashin kansa, wanda ake kafa wa manyan kujerun ƙarfe a filin gaban fada kowace shekara a kwance su idan an gama. Kusa da ƙarshen faretin akan rage fitilu, a bar haske kan mai algaita guda ɗaya yana busa shi kaɗai a saman ganuwar fadar.